Shekarar da Muka Bar Ƙofar Dumi

Makon jiya a wurin sunan 'yar Musa, ina zaune a bayan rumfa ina hutar da ƙafata, sai na ji wata yarinya cikin matan 'ya'yan Yaya Inuwa tana nuna ni da baki, tana ce wa ƙawarta, "Ita ce fa tsohuwar da ta fitar da Baffa Garba daga gidan gado." Ko haihuwarta ba a yi ba lokacin da abin ya faru, amma ta faɗe shi kamar a gabanta aka ɗaure kayan. Na ci gaba da hutar da ƙafata. Sai dai tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a ɗaki sai in ji kamar ana kirana a tsakar gida, in na fito kuma in rasa abin da ya fito da ni. Na share gidan nan har sai da Zulai ta karɓe tsintsiyar daga hannuna. Shi ne na ce a sayo mini littafi da biro. Rubutun yaƙi da jahilci ne, ku yi haƙuri da shi.

Ku biyar nake wa magana: kai babbansu da ba na kama sunanka, da Hadiza, da Musa, da Zulai, da Auta. Kun tashi kuna jin magana biyu a kaina, wai na raba mahaifinku da 'yan'uwansa, wai kuma na tsayar da haihuwa ba da saninsa ba. Kunya ta hana ku tambayata, ni kuma alkawari ya hana ni faɗa. Wadda ta sa ni alkawarin ta daɗe a ƙasa, mahaifinku ma ya bi ta, Allah ya jiƙansu. Ni kaɗai na rage da sanin yadda aka yi, ga shi ƙafa ta fara gaya mini cewa ba daɗewa zan yi ba.

Ranar da aka kai ni gidan su mahaifinku a Ƙofar Dumi, gida ne da ake kwatance da shi a unguwa. Kakanku ya riga ya rasu, ya bar Inna da 'ya'ya maza huɗu a cikin gidan, Yaya Inuwa ne babba, mahaifinku na uku. Akwai bishiyar mangwaro a tsakar gida, akwai turken awaki, akwai filin da ake shanya dawa har yara su samu wurin guje-guje a gefe. Tukunya ɗaya ake yi, kowace mace da ranar girkinta. Hatsin kuwa daga gonar gado ta Gubi yake zuwa, wadda mazan ke nomawa tare duk damina, ban da sana'ar da kowa ke yi a gari. Yaya Inuwa goro yake sayarwa, mahaifinku kafinta ne. A shekaruna na farko rumbu yakan kai mu har sabon hatsi ya shigo, a ɗiba ma a aika wa maƙwabta.

Ba rana ɗaya gidan ya cika ba, shi ya sa ba wanda ya lura. Kowace shekara sai an yi suna biyu ko uku, mu yi guɗa, mu toya masa, mu yi ta murna, kuma murnar gaskiya ce, kada ku ce ba mu so ku ba. Aka sare mangwaron aka yi ɗaki a wurinsa. Aka sayar da awaki aka yi ɗaki a turkensu. Aka raba zaure biyu da katako, mahaifinku ne ma ya buga shi da hannunsa, samarin gidan suka koma can da kwana. Mu kuwa ɗakinmu ɗaya ne tun na amarci, mu bakwai a ciki, gado ɗaya da tabarmi biyu, kwanuka an jera su har sun kusa taɓa rufi. Masai ɗaya gidan yake da shi, rijiya ɗaya, tsakaninsu bai fi taku goma ba. Da safe sai ka ga layin butoci, babba da yaro kowa yana rausaya yana jiran a fito. Mu matan da muke kamar 'yan ɗaki ɗaya muka koma faɗa a kan igiyar shanya, a kan wadda ta cika wa ɗanta kwano ranar girkinta. Gona kuma tana nan yadda kakanku ya bar ta, ko taku ɗaya ba ta ƙaru ba, ƙasar ma ta gaji, ba ta ba da komai sai da taki. Rumbun da yake kai mu kaka ya koma ƙarewa tun kafin ruwan farko ya sauka. Sai awo a kasuwa. Miyar da ake sa wa nama ta koma ta daddawa zalla, daga baya daddawar ma aka fara gutsura ta biyu.

Abin da ya fitar da ni sana'a ke nan. Sauran matan gidan yara suke ɗora wa talla, ni na ce Hadiza ba za ta bar aji ba. Mahaifinku ya yarda in riƙa fita da kaina ina toya masa a bakin barikin Shadawanka, wannan ma sai da ya jawo magana a gidan, amma da yake masar tana kawo cefane aka yi shiru. A can na san Maman Cidi. Matar soja ce, 'yar kudu, Kirista, tana aikin nas a wani ƙaramin asibiti. Kullum da safe za ta tsaya da kwanonta, kuma Hausarta ta bariki ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinta. Wata rana ina goye da Rabi, ƙanwar Zulai, wadda ba ta cika shekara biyu ba, ta dubi cikina ta dubi bayana, ta sa yatsa ta ja fatar idona ƙasa.

"Maman Hadiza, ciki kuma? Wannan yarinya bai gama shan nono ba fa. Duba idonka, fari kamar takarda. Ba ka da jini."

Na yi dariya na ce, "Maman Cidi, ai haihuwa ta Allah ce."

"Na sani," in ji ta. "Jini ma na Allah ne, amma naka ya ƙare."

Na juya masata na bar maganar a nan. A lokacin ina ganin irin maganarsu ce ta mutanen kudu, masu haihuwa uku su ce sun gama.

Daminar shekarar ta zo da ƙarfi. Aka yi kwana da kwanaki ana ruwa, masai ya cika ya tumbatsa, famfon unguwa kuma ya yi makonni bai kawo ko ɗigo ba, don haka rijiyar muka ci gaba da sha. Amai da gudawa ya shigo gidan wata ranar Talata. Kafin Alhamis yara tara suna kwance. Aka ce a ware marasa lafiya, to a ware su a ina? Ɗakin da mai amai yake, nan mai lafiya yake kwana, nan ake cin abinci. Na yaye Rabi da wuri saboda cikin Auta, jikinta dama ba ƙwari. Da hantsin Alhamis na ga idonta ya faɗa, kukanta ya daina fita. Mahaifinku ya saɓe ta a kafaɗa ya fita da gudu neman acaɓa, ni ina biye da ciki wata bakwai, lungun nan duk taɓo, ina zamewa ina dafa bango. Ba mu kai bakin titi ba na ga ya daina gudu. Ya tsaya kawai, ya juyo, ya dawo da tafiya a hankali. Washegari Ɗanlami, ɗan Yaya Inuwa mai shekara biyar, ya bi ta.

Duba-gari suka zo suka zuba magani a rijiya, suka ce a rufe masan a haƙa wani nesa da ruwan sha. Na ji ƙanen mahaifinku yana tambayarsu, "Ranka ya daɗe, a ina? Duk inda ka sa diga a gidan nan ɗakin wani ne." Suka duba, suka duba, suka rubuta a takarda suka tafi.

Bayan wata biyu na haife ka, Auta, jini ya ɓalle. Ban san lokacin da aka kai ni asibiti ba. Na farka na ga leda a rataye, aka ce jinin mahaifinku ne ake ƙara mini. Likita ya gaya masa a gabana cewa in na sake ɗaukar ciki nan kusa, ya shirya riƙon yara shi kaɗai. Maman Cidi ta zo duba ni da lemo a jaka, ba ta ce "na gaya maka" ba, ta dai ce in na warke in zo da maigida ta nuna mana inda za mu je. Mahaifinku mutum ne mai shiru, kun san shi. Sai da muka koma gida ya tayar da maganar. Ashe ya je wurin wani malami da yake ɗaukar karatu a wurinsa ya tambaya, malamin ya ce masa in don lafiyar uwa ne da yardar miji da mata, babu laifi a ba da tazara. Ya gaya mini haka yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Amma Inna fa? Yaya fa?" Don a gidan nan ba a sirri. Bangon katako ne, in ka yi tari a ɗakinka na kusa zai ce maka sannu.

Ban yi arba'in da daɗewa ba Yaya Inuwa ya tara ƙannensa a zaure bayan sallar Juma'a. Ina bayan katakon ina wanke-wanke, duk na ji. Ya ce babban ɗansa zai yi aure, za a mayar da madafa ɗakin amarya, girki kuma a riƙa yi a rumfa kusa da rijiya. Sai na ji muryar mahaifinku, wadda ban taɓa jin ta tashi a gaban yayansa ba.

"Yaya, ina neman alfarma. A ba ni rabona na gonar Gubi, in je in kafa ɗaki a can. Ɗakina na nan a ba yaron."

"Ka san abin da kake faɗa kuwa, Garba? Gonar Baba za a yanka?"

"Yaya, gonar ba ta ishe mu a haɗe ba. Kowace shekara muna ƙaruwa, ita tana raguwa."

"Mu muke ciyar da su? Allah ke ciyarwa. Tun da Baba ya rasu ka taɓa ganin an kwana ba a ɗora tukunya ba a gidan nan?"

"Ban musa ba, Yaya. Amma mun binne yara biyu a mako ɗaya."

"Kwanansu ne ya ƙare. Ɗaya nawa ne, ka ji na ce zan gudu?" Sannan ya ƙara da cewa, "Wannan ba maganarka ba ce. Maganar matar barikin nan ce, ta biyo ta bakin matarka."

Mahaifinku ya ba da haƙuri, aka shafa fatiha. Kada ku ga laifinsa. Yaya Inuwa ne ya yi masa kaciya, shi ya kai shi koyon kafinta, shi ya nema masa aurena. Ba yaya ba ne kawai a wurinsa, uba ne.

Makonnin da suka biyo baya ban san yadda zan kwatanta muku su ba. Kamar akwai tururuwa a jikina. In na ɗebo ruwa a rijiyar sai in tsaya ina kallon guga, in zubar, in sake ɗebowa. Na tafasa ruwan shanku har matan gidan suka fara cewa na fi ƙarfin ruwan da kowa ke sha. In Musa ya shiga masai sau biyu sai gabana ya faɗi. Na yi tunanin in kwashe ku in koma gidanmu, sai na tuna can ma ɗakin da na tashi a ciki mutum shida ke kwana. Mahaifinku ya daina dawowa cin abincin rana, yana shago yana goge katakon da ya riga ya yi sumul. Mun daina haɗa ido. Yana tsoron ya kusance ni, ina tsoron ya kusance ni, kuma ba wanda zai iya furtawa.

Wata rana bayan azahar, maza duk sun fita, Inna ta ɗaga murya daga ɗakinta yadda kowa zai ji, "Asabe, zo ki tsince mini waken nan, idona ba ya ganin tsakuwa." Na shiga, ta ce in saki labule. Waken bai fi tafi biyu ba, kuma tsintacce ne.

"Sau nawa na haihu, kin sani?"

Na ce, "Shida na sani, Inna. Mazan nan huɗu da su Gwaggo biyu."

"Goma sha ɗaya. Biyar na binne, uku daga cikinsu ba su yi tafiya ba. Ba wanda ya taɓa jan idona ya duba ko da jini." Ta gyara zama. "Lokacinmu akwai daji, in gida ya cika sai a sare gaba a ƙara gona. Yanzu ina dajin? Ki ɗauki mijinki ku je wurin matar nan, tare za ku je, kada gobe a ce kin yi a ɓoye. Sannan ku tashi ku koma Gubi. Garba ba zai iya ja da yayansa ba sai ya san na yarda. Ki gaya masa, shi kaɗai."

Na ce, "To Inna, me zai hana ki faɗa a gabansu? In kika ce a raba, wa zai ce a'a?"

"In na ce a raba, na ce wa Inuwa ya kasa riƙe gidan ubansa ke nan. Shekara talatin yana ɗauke da gidan nan, bai taɓa ɗinka riga ba sai kowa ya ɗinka. Ba zan yi masa haka ba. A ɗakin nan zan mutu, shi zai ɗauke ni." Ta kama hannuna. "Ke za ki ɗauki laifin. Zan ma zage ki a gaban mutane. Ki ji haushi in kin ga dama, amma ki yi shiru. Ki yi mini alkawari."

Na yi mata. Na fito da kwanon wake a hannu, matan gidan suna tambayata ko faɗa ta yi mini, don sun ga idona ya yi ja.

Da na gaya wa mahaifinku, sai ya tambaye ni sau biyu, "Da bakinta ta faɗa?" Juma'ar da ta zagayo ya sake tayar da maganar, wannan karon bai ba da haƙuri ba. Aka kira malamai da mai unguwa, aka je Gubi da igiya aka auna. Rabonmu ya faɗo a gefen da ya gangara wajen ruwa, siriri ne, in ka tsaya a wannan iyaka za ka yi magana da na waccan ba ka ɗaga murya ba. Sauran ƙannen biyu suka bar nasu a haɗe da na Yaya Inuwa. Asibiti kuwa tare muka je. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya zauna a benci cikin mata, shi kaɗai ne namiji, kansa a sunkuye har aka kira mu, ya sa hannu a takarda. Abin da aka yi mini ba na rubutawa ba ne, Hadiza da Zulai in kuna so ku zo ku tambaye ni. Abin da nake so ku riƙe shi ne, da ƙafarsa ya je.

Ranar tashi aka kawo a-kori-kura ta tsaya a bakin titi, don lungun ba ya shigar mota, aka riƙa jidar kaya a ka. Yaya Inuwa ya fita tun safe. Da na je sallama Inna ta ƙi ba ni hannu. Ta biyo ni har ƙofar zaure, maƙwabta sun taru, ta ce, "Tafi da shi, ai kin samu abin da kike nema. Ni na haifa, ke kin ƙwace." Na san shiri ne, amma muryarta tana rawa, kuma har yau ban tabbata ba ko duk shirin ne. Ɗanta ne fa yake tafiya. Na yi kuka tun daga Ƙofar Dumi har muka bar kwalta.

Kada in yi muku ƙarya in ce muna sauka arziki ya tarye mu. Talaucin ma motar ya hau ya biyo mu. Gubi a lokacin ba jami'a, ba ɗalibai, ba keken haya, daga madatsar ruwa sai gonaki da 'yan rugage da masunta. Ɗaki biyu na laka muka samu yi, ɗaya ma ba ƙyaure sai zana. Na rasa cinikin bariki saboda nisa, na koma toya wa manoma da masu kamun kifi, su kuma ba kullum suke saye ba. Mahaifinku ya riƙa tuƙa keke zuwa shago a gari ya dawo, har gwiwarsa ta lalace. Kai babbansu da Hadiza kun san tafiyar da kuka sha zuwa makaranta. In an yi biki a Ƙofar Dumi sai dai mu ji a bakin mutane. Na yi shekara uku ba wadda ta tako ta gaishe ni daga gidan. Akwai ranakun da nake tsayawa a bakin gona ina hangen gari ina cewa ko mun yi wauta. Amma mun haƙa masai a can ƙarshen fili, mun haƙa rijiya a wannan ƙarshen. Da rani muka fara tumatir da albasa. Kowannenku ya samu kwanonsa. Kuma ban sake binne ɗa ba.

Na juya maganar nan a raina shekara da shekaru, har yanzu ba ta kwanta mini gefe ɗaya ba. Yaya Inuwa ya haifi goma sha tara. A cikinsu akwai wanda yake da shaguna a kasuwa yanzu, shi yake riƙe da gidan, in aka nuna mini shi aka ce da an tsayar da haihuwa da ba a same shi ba, ba ni da amsa. A cikinsu kuma akwai waɗanda ba su taɓa zama a aji ba, akwai wanda acaɓa ta karya, akwai masu wuni a bakin lungu ba aikin yi. Na san mata masu ɗa ɗaya da suke kwana da yunwa. Kuma na sani da famfon unguwarmu yana kawo ruwa a daminar nan, wataƙila da Rabi tana cikinku yau ko da mu ɗari ne a gidan. Don haka ba zan ce yawa kaɗai ke kawo talauci ba. Amma na ga da idona yadda abinci ɗaya yake zama rabi, rabi ya zama loma, na ga yadda matsi yake mayar da mutanen kirki masu faɗa a kan igiya. Wani lokacin kuma a wurin suna, in aka miƙo mini jariri, nakan tuna waɗanda ban haifa ba, in ce da yanzu su waye. Wannan ma ban taɓa gaya wa mahaifinku ba. Ga Gubin ma ta cika yanzu. Inda nake hangen ruwa daga ƙofar ɗaki sai rufin kwano da ɗakunan haya na ɗalibai. Kai Musa, a wurin tumatir ɗin ka yi gininka, ban hana ka ba, amma ranar da na ga an kawo bulo sai da na kasa cin abinci.

Sau ɗaya Inna ta zo gidan nan, shekara shida bayan tashinmu. Ta ce wa Yaya Inuwa wai akwai wani Bafulatani mai maganin ƙafa a wajen Gubi, ya sa ɗansa ya kawo ta, ya ajiye ta ya wuce gona. Ba ta nemi wani mai magani ba. Ta zaga gidan da sandarta, ta leƙa rijiya, ta sa aka kira ku ɗaya bayan ɗaya tana shafa kanku. Na yi mata tuwo da miyar kifi ta cinye. Da ta yi azahar na shimfiɗa mata tabarma a ƙarƙashin bishiyar ɗorawar can, ta ce bari ta ɗan miƙe ƙafa. Barci ya ɗauke ta har la'asar ta wuce, na hana kowa motsi. Da ta farka ta daɗe tana kallon ganye, sannan ta ce, "Asabe, tun ɗazu nake kwance a tsakar gida, ba wanda ya tsallake ni." Muka yi dariya har da hawaye. Muna jin motsin jikanta a ƙofa ta ɗaure fuska, ta ce da ƙarfi, "Wannan dajin kuka zaɓa a kan gidan ubanku, sai ku yi ta zama." Ba ta ga wata daminar ba.

Yaya Inuwa yana nan da rai, ido ya tafi, yana zama a rabin zauren nan kullum da carbinsa. Bai taɓa tako gidan nan ba. Ranar da mahaifinku ya rasu, a maƙabarta ya tari gawar, shi ya shiga ramin ya karɓe shi, kuma waɗanda suka je sun ce sai da aka ɗago shi don kuka. Ku je ku gaishe shi ranar Juma'a, ku duka, ku kai masa kifi, yana so. In ya ambace ni da abin da ya saba, ku yi shiru kamar yadda na yi. Littafin nan naku ne, ku karanta ku ajiye, kada wani ya kai masa labarin abin da ke ciki. Ku bar shi da uwarsa yadda ya san ta.